Rigar Ledar da Aka Ɗinka wa Allon Lagdo

Ranakun aiki da yawa sun wuce ni ban riƙe komai a cikinsu ba, amma ranar da Madam Marta ta zo ta zauna a bakin shagon gyaranmu na Garwa har yau tana nan daram a raina. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya ba ku san ta ba, kuma ba za ku ga sunanta a ko'ina ba. Ni ma ba don daɗi nake ba da labarin ba. Duk sanda na tuna shi sai in ji gajiyar wannan shekarar ta dawo mini a kafaɗa.

A lokacin ina teknisiyan mai zuwa waje, wato ni ake turawa duk inda na'urarmu ta ba da matsala. A samana akwai shef ɗinmu, Misiyo Andre, injiniya ne mutumin kudu, amma ya daɗe a arewa har ya fi ni son miyar yakuwa. Ƙa'idar aiki a fili take. Mai na'ura zai kira ya kai kuka, shef ya sa hannu a takardar mishon, wato izinin tafiya, kai kuma ka kira mutanen tun jajibiri ka shaida musu kana tafe. In ka je ka gwada na'ura, ka dawo ka rubuta rapor, wato rahoto. Shekarun nan ne da tashin hankali ya yi tsanani can arewa da mu, hanya ta cika da shingen jami'an tsaro, don haka kowa yana so ya fita da asuba ya dawo gida kafin azahar. Ga kuma zafin Garwa na bazara, wanda ba sai na yi muku bayaninsa ba.

Wani shirin tallafi ne ya ba mu aikin kafa allon taɓawa a ofishin wata ƙungiyar manoman shinkafa a Lagdo, can ƙasa da dam. Noman rani suke yi da ruwan magudana, kuma kowane manomi da ranar da za a buɗe wa gonarsa ƙofar ruwa. Kafin zuwan na'urar, a bakin ƙofar ruwan ake rabon, da ihu, wani lokacin har da sanda. Sai aka ce a kawo abin da ba ya da ɗan'uwa ba ya da suruki. Manomi zai zo ya taɓa hotonsa a allo, ya taɓa ranar da yake so cikin waɗanda suka rage, washegari mai buɗe ƙofa ya bi abin da allon ya nuna. Aka ɗauki Madam Marta ta zauna kusa da shi tana taimakon waɗanda ba su iya karatu ba. Kirista ce, iyayenta sun sauko daga duwatsu sun zauna Lagdo suna noma. Tana jin Hausa da Fulatanci da Faransanci da yaren gidansu, kuma ita ke riƙe da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan aikin ba bayanin irin allon, don labarin duk a kansa ya rataya. Ba irin gilashin wayarku ba ne da sai ya ji fatar yatsa yake aiki. Wannan firam gare shi a kewaye, kuma a cikin firam ɗin akwai 'yan ƙananan fitilu a jere masu fitar da wani haske da ido ba ya gani. A gefen da ke fuskantarsu akwai 'yan idanu masu karɓar hasken. Sai hasken ya shimfiɗu a saman gilashin, wani a tsaye wani a kwance, kamar zaren masaƙa. In ka sa yatsa ka tsinke zare biyu, na'ura ta gane inda ka taɓa. An zaɓe shi ne don ba ruwansa da hannu mai kanta ko mai laka, kuma hannun manomi ai kun san shi. Rauninsa ɗaya: shi ba ya bambanta yatsa da wani abu. Duk abin da ya tsinke zaren, a wurinsa taɓawa ce. Sannan rana ma tana da irin wannan hasken, da yawa kuwa, in ta shiga idanun kai tsaye sai ta kashe musu gani. Shi ya sa masu ƙera shi suke dusashe fuskar gilashin don kada ya yi walƙiya, suke kuma sa wani baƙin siririn maƙalli a gaban idanun ya tace haske.

Muka kafa shi cikin sanyi, a barandar ofishin, domin nan ne soket yake kuma nan jama'a ke taruwa. Aka yi biki, aka sha lemo, shugaban ƙungiyar Alhaji Umaru, wanda kowa ke kira Presidan, ya yi jawabi har muryarsa na rawa. Watannin farko shiru kake ji, ba kuka ba ƙorafi.

Da zafi ya kankama sai waya ta fara shigowa. Wai sunaye suna tsalle. Wani ya zaɓi ranarsa, washegari a tarar an soke ta. Wani kuma a tarar an ba shi ruwa sau biyu a jere bai nema ba. Shef ya sa hannu, na kira Presidan na ce ina tafe gobe da safe. Na isa da hantsi, na tarar da allo tas, an share baranda, an ajiye mini kujera da ruwan sanyi. Na gwada kowane lungu na gilashin, na duba waya, na duba batir, na buɗe baya na hura. Ko gezau. Na tambayi Madam Marta, ta ce, "Malam, ni dai da yamma na fi ganin abin." Na ce mata da yamma ne jama'a suka fi yawa, ƙila hannaye ke yin yawa a kai, a riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Na koma na rubuta cewa na'ura lafiya lau take.

Haka aka yi ta yi. A kira, in je, in tarar da allo kamar ranar da aka fito da shi daga kwali, in rubuta lafiya lau, in hau babur in dawo ina tsinar hanya. Har na fara jin haushin mutanen Lagdo. Na ce wa shef ni fa na gaji da zuwa shan ruwan sanyi. Ya yi dariya ya ce in ci gaba da sha, kwangila ta ce mu je.

Abin da ban sani ba shi ne abin da kalmar nan tawa take yi a can. Akwai wani dattijo, Baba Hamadu, da ruwa ya tsallake gonarsa har karo biyu daidai lokacin da shinkafarsa ta fara ciki. Duk wanda ya san shinkafa ya san ba lokacin da ta fi ƙin ƙishirwa kamar wannan. Aka duba allo sai aka ga ranarsa ta koma kan wani maƙwabcinsa, kuma maƙwabcin nan cocinsu ɗaya da Madam Marta. Shi ke nan magana ta samu ƙafa. Kwamiti ya zauna, aka ɗauko rapor ɗina aka karanta, aka ce tunda mai gyara daga Garwa ya zo ba sau ɗaya ba ya ce injin ba laifi, to laifin na hannun da ke kusa da injin ne. Baba Hamadu ya tsaya a barandar nan cike da mutane ya kira ta ɓarauniyar ruwa. Aka dakatar da ita, aka ɗora wani Isiyaku, ɗan ƙanwar Presidan, a kujerar kafin a ga abin da hali zai yi. Ba wanda ya kira mu ya gaya mana, domin a ganinsu wannan ba maganar gyara ba ce.

Wata ranar Alhamis na fito daga shago wajen azahar sai na ga Madam Marta zaune a kan bencin masu jira, ƙafafunta futu-futu. Da farko ban ma gane ta ba, ta rame. Muka gaisa, na kawo mata ruwa, ta riƙe kofin ba ta sha ba.

Ta ce, "Malam, ba rigima na zo yi ba. An ce takardarka ce ta ce ni ce."

Na ce, "Wace takarda? Ni na'ura na rubuta, ban rubuta sunan kowa ba."

Ta ce, "Eh, haka suka ce. Ka ce na'ura ba ta ƙarya. To saura wa?"

Na zauna a gefen bencin. Ta ba ni labarin kwamiti da na Baba Hamadu a taƙaice, ba kuka ba rantsuwa. Ta ce ko kasuwa ta shiga sai ta ji ana nuna ta da baki, 'yarta ma ta daina zuwa ɗiban ruwa da rana saboda abin da yara ke ce mata. Sannan ta ce, "Abu ɗaya nake roƙo, don Allah. Ka zo da la'asar, ka tsaya ka gani da idonka. Amma kar ka kira Presidan. In ya ji na zo nan zai ce ƙararsa na kawo."

Na shiga wurin shef na gaya masa. Ya saurare ni yana goge tabarau, ya ce ba zai iya sa hannu a takardar mishon ba tunda ba mai na'ura ne ya kira ba, kuma tun da aka sauya ma'aikaci ba a sake kawo kuka ba. Na ce ƙila kunya ce ta hana su kira, tunda yanzu ɗan gida ne a kujera. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Asabar ranarka ce. Inda za ka kai babur ɗinka ba ruwana."

Ranar Asabar na bar Garwa rana tsaka, abin da mai hankali ba ya yi. Iska kamar daga bakin murhu. A kowane shinge sai an tsayar da ni an tambayi takardar mishon, in ce ziyara zan je, a juya katin shaidata gaba da baya, a leƙa jakar kayan aiki, a ce wane irin mai ziyara ne da sukundireba. Na isa Lagdo ana sallame la'asar, rigata ta manne da baya. Na jingine babur a gindin wata dogonyaro nesa da ofis, na taka da ƙafa.

Baranda cike take da manoma, sun taso daga gona. Rana ta sauko ta leƙo ƙarƙashin kwanon rufi ta haske wurin tar, abin da ban taɓa gani ba, domin ni da safe nake zuwa lokacin tana bayan gini. Na duba inda allon yake sai na tsaya cak. An sa masa riga. Leda ce fara mai kauri, irin wadda ake shimfiɗa wa teburin cin abinci, an yanka ta daidai da shi an ɗinke, har da jan zare a baki-baki da ɗan tuntu a kowace kusurwa. Ɗinki ne mai kyau, wallahi, telan ya san hannunsa. Ta rufe gilashin da firam ɗin gaba ɗaya, mutane ta samanta suke taɓawa. Zafi ya sa ta saki, ta yi ciki a tsakiya, ta yi tattara a gefe, kuma kowace tattara tana watsa rana kamar an karkata madubi.

Na matsa na tsaya bayan Isiyaku ina kallo. Ba wanda ya sa hannu, amma ga allo yana motsi. Hoton wani ya buɗe, ya rufe. Ranar wani ta yi ja, ta koma kore. Iska ta ɗan kaɗa ledar, sai ga wani suna ya fito da kansa. Isiyaku yana ta kai yatsa yana mayarwa da sauri, gumi na zuba masa, yana waige-waige kada a lura. Da ya ɗago ya gan ni sai ya miƙe zumbur ya fara kiciniyar tuɓe ledar. Na riƙe hannunsa na ce ya bar ta.

Na zaga bayan gini na kira shef. Ban gama bayani ba ya katse ni, don shi a aikinsa ba a koya masa. Ya ce, "Leda tana tsinke haske, rana tana makantar da idanu. Abu biyu ne suka haɗu. Baranda yamma take kallo, ko?" Na ce yamma. Na ji yana huci. Mu biyun mun san mu muka zaɓi barandar. Sai ya ce, "Jira mutane su watse. Ka cire ledar, ka shigar da shi ciki, ka dawo. Kar ka yi surutu. Masu shirin nan suna shawarar kai irinsa Bibemi da wasu wurare, ba na son a ji cewa allonmu yana danna kansa." Na ce to matar fa? Ya ce, "Wannan maganar kwamitinsu ce, mu masu gyara ne." Na ce na ji, na kashe waya.

Kafin in dawo baranda har an sanar da Presidan. Ya iso yana saɓa babbar riga, fuskarsa ba annuri. Ya ja ni gefe.

Ya ce, "Haba Malam, haka ake yi? Ka zo gidan mutane ba sallama? Ai da ka kira da mun tuɓe masa rigar mun shirya maka kamar kullum."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kamar kullum? Duk zuwan da nake yi dama yana da riga?"

Ya ce, "Tun da ƙura da zafi suka fara. Ni na sa aka ɗinka. Abin da aka kawo mana daga nesa, mu bari hannun laka da na kifi ya lalata shi? Kai kujerun falonka in baƙo zai zo ba ka yaye musu leda? Ai ba a tarbar baƙo da kaya a rufe. Rashin kunya ne."

Na zauna a kan dakali. Ba mugunta ya yi ba, ko kaɗan. Abin da uwata take yi wa rediyonta ya yi, abin da ni kaina nake yi wa rimot ɗin gidana. Ita ma Madam Marta ba ta taɓa ambata mini ledar ba don a wurinta riga kariya ce, wa zai zargi kariya? Duk zuwan da na yi, karramci ne ya ɓoye mini cutar. Na yi masa bayanin zaren haske da yadda ledar ke taɓa shi, da yadda rana ke shiga idanun. Ya fahimta nan da nan, ba mutum ne mai taurin kai ba. Na ga launin fuskarsa ya sauya. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "To mu bari su tafi, sai mu cire. Allah ya rufa asiri. Ba sai kowa ya ji ba."

Kun ji. Shef ɗina da Presidan ba su taɓa shawara da juna ba, amma bakinsu ya zo ɗaya. Ni kuwa na gaji. Na gaji da hanya, na gaji da rana, na gaji da kalmar lafiya lau. Ba jarumta ce ta motsa ni ba, haushi ne tsagwaronsa. Na ce masa, "Alhaji, asirin mutum biyu za mu rufa, naka da namu. Ita kuma nata a buɗe yake a kasuwa." Bai hana ni ba.

Na koma baranda na roƙi jama'a kowa ya ja da baya, kada wanda ya taɓa. Na tambaya ko Baba Hamadu yana nan. Aka nuna mini shi, dogo, siriri, da malafa a rataye a wuya. Na gaishe shi da ɗan Fulatancin da na iya, ya amsa a daƙile. Na ce ya matso gaba ya zuba ido. Muka tsaya muna kallo. Can sai allon ya buɗe hoton wani da kansa, ya tafi kan ranaku, ya soke ɗaya. Wurin ya ɗauki salati. Wani daga baya ya ce, "Kun gani ko? Ta tafi amma ta bar abinta a ciki." Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba, kuma waɗanda ba su yi ba ɗin su suka ba ni tsoro.

Na ɗauko tabarmar da aka yi salla a kai na miƙa wa Baba Hamadu. Na ce, "Baba, kai za ka riƙe, ba ni ba. Ka tsaya nan ka tare masa rana." Ya ɗaga tabarma, inuwa ta faɗa kan allo. Na ja ledar ta baya ta miƙe. Allo ya yi tsit. Muka jira, ba motsi. Na saki leda na ce ya sauke tabarma. Kafin ya gama saukewa allo ya fara rawa. Na ce ɗaga, ya ɗaga, ya lafa. Daga nan shi da kansa ya yi ta ɗagawa yana saukewa, yana leƙen gilashin ta gefen tabarma. Sannan na tuɓe ledar gaba ɗaya don su ga bambanci. Rawar ta ragu sosai, amma jifa-jifa in rana ta daki firam ɗin sai ya ƙifta. Na faɗa musu a fili cewa wannan ragowar ba laifin leda ba ne, laifinmu ne mu da muka kafa shi yana kallon yamma. Presidan ya gyara murya ya ce rigar kuma shi ya sa aka ɗinka, da kyakkyawar niyya. Na girmama shi da wannan.

Baba Hamadu ya naɗe tabarmar a hankali ya jingine ta. Ya ce da ni cikin Hausarsa ta Fulani, "Yaro, to wa ya shanye ruwana?"

Na ce, "Rana, Baba, da leda."

Ya ɗora malafarsa a ka. Sai ya ce, "Kai ni gidanta."

Gyaran kansa bai ɗauki wani lokaci ba. Muka cicciɓi allon muka shigar da shi cikin ofis, muka juya bayansa ga taga, na ja waya daga soket ɗin waje. Na auna na bar wa kafinta saƙon ya yi masa 'yar rumfar katako a sama da gefe, a shafa mata baƙin fenti mara ƙyalli ta ciki don kada haske ya yi tsalle. Na ce in ana son riga a ɗinka ta yadi, a riƙa sa masa bayan an tashi aiki kawai. Shi ke nan abin da ya cinye watanni.

Rana ba ta faɗi ba muka isa gidan Madam Marta. Muka same ta a tsakar gida tana jera kifi a kan ragar banda, hayaƙi ya cika mata ido. Aikin wata maƙwabciya take kamawa tun da aka dakatar da ita. Baba Hamadu ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, dattijo da furfurarsa, ya durƙusa ya ce ya zalunce ta, ta yafe masa. Ta goge hannu da zani ta ce ya tashi don Allah, ya haife ta. Sannan ta ce, "Baba, na yafe. Amma a gaban mutane ka kira ni ɓarauniya, nan kuwa daga ni sai kifi." Ya ce ta yi gaskiya. Ranar kasuwa, kamar yadda aka ba ni labari, ya tsaya a rumfar masu shinkafa ya faɗa da ƙarfi, da Fulatanci da Hausa, cewa ƙazafi ya yi mata. Gonarsa dai ba ta dawo ba, rabin shinkafar ta fito ba ƙwaya.

Ranar Litinin shef bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya karɓi rapor ɗina ya karanta, ya rage shi ya koma layi kaɗan da ke cewa an sauya wa na'ura wuri saboda haske. Ya kwashe makonni ba ya ce mini komai sai abin da ya zama dole. Amma zan faɗi gaskiyarsa: da aka zo kafa na sauran wuraren, shi da kansa ya sa doka cewa ba a ɗaura allo sai an tsaya an ga inda rana ke faɗawa safe da yamma, kuma kowanne da rumfarsa yake tafiya.

Maganar kujera kuwa, kwamiti ya ce za a duba bayan girbi, don kada a sauya ma'aikaci ana tsakiyar rabon ruwa. Aka yi girbi, aka ce a bari damina ta wuce. Na yi wa Presidan magana sau da dama, kullum sai ya ce yana sane, amma yaya zai yi da ƙanwarsa, yaro ya riga ya saba, kuma yanzu allo ba ya ba da matsala a hannunsa. Ai dole, tunda an gyara. Na kai maganar wurin masu shirin, suka ce ɗaukar ma'aikaci hurumin ƙungiya ne. Daga nan ƙarfina ya ƙare.

Na sake ganin Madam Marta sau ɗaya, a tashar mota ta Lagdo, tana ɗaure kwandunan kifi da za a kai Garwa. Ta gaishe ni da fara'a, ta yi godiya har na ji kunya. Na tambaye ta ko mutane sun daina magana. Ta ce, "Sun daina, Malam. Yanzu kowa gaishe ni yake yi. Sunana ya dawo, aikin ne bai dawo ba." Ta ce babbar 'yarta ta bar makaranta tana taya ta banda. Ta juya ta ci gaba da ɗaurin igiya, direba yana ta yi mata tsawa ta yi sauri.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na'urar da aka share maka, aka tuɓe maka, aka ajiye maka ruwan sanyi a gefenta, ba ita ce na'urar da mutane ke aiki da ita ba. Mutanenmu suna son kayansu kuma suna girmama baƙo, su biyun nan kuwa suna iya haɗuwa su rufe maka ido. Sannan in abu ya lalace a wurin da ke da injin da shugaba da kamfani, ba injin ake kora ba, ba shugaba ba, ba kamfani ba. Don haka kafin ɗayanku ya rubuta cewa na'ura lafiya lau take, ya ɗaga kai ya dubi wanda ke zaune kusa da ita. Kai za ka hau babur ka koma gida, shi kuwa a garin zai kwana da abin da ka rubuta.